Ba Hannun Baba Abakar Ba Ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina saman dabino ranar Talata da hantsi, ina sare busassun ganye, wayata ta dinga ɓari a aljihu. Ban duba ba sai da na sauko. Zahra'u ce, 'yar Baba Abakar. Ita haifaffiyar Madina ce, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take mayar da magana. Ranar nan kuwa da Hausa ta fara, a taƙaice: "Baba ya rasu." Sannan ta koma Larabcinta, ta ce bayan ya dawo masallaci da safe ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kishingiɗa, kafin a fito da shi zuwa mota rai ya yi halinsa. An yi masa salla a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan la'asar. Muka ɗauke shi a kafaɗa zuwa maƙabartar Baƙi'a, inda ya daɗe yana roƙon Allah Ya ba shi makwanci.

Ni sunana Laminu, mutumin Tasawa ne. Shekarata huɗu ina aiki a wata gonar dabino a Al-Awali da ke gefen Madina, gonar da Baba Abakar ya shafe fiye da rabin rayuwarsa a ciki. Waɗanda suka san ni sun san bakina ba shi da linzami. Ban yi makarantar boko ba, da rubutun jikin kwalaye da na waya na koya wa kaina karatu, kuma wanda ya koya wa kansa karatu yana da wata cuta: abin da ya karanta jiya, yau sai ya nemi wanda zai yi wa gyara da shi. Na rubuta wannan ne domin akwai maganar da ake yi a kan mamacin nan wadda ba gaskiya ba ce, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga abin da idonsu.

Baba Abakar Bahaushen Chadi ne, daga Abashe. Da ƙuruciyarsa maharbi ne. Ya san kwanciyar zabi, ya san inda tuje yake sauka, kuma in yana ba da labarin daji har Bangalawan da muke aiki tare, waɗanda ba sa jin ko kalma ɗaya, sukan ajiye shayinsu su zuba masa ido. Amma tun da ya zauna a Madina bai sake ɗana ko tarko ba. Na taɓa tambayarsa ko yana kewar farauta, ya ce, "Ɗana, a garin nan ko tsuntsu a cikin amana yake. Na gama kora."

Aikinsa a gona shi ne kula da tsuntsaye: kaji, tantabaru, da talotalo, wanda Larabawa ke kira dik rumi. Ban taɓa ganin ya sha ruwa da safe kafin su sha ba. In zafi ya tsananta yakan jiƙa buhunan algarara ya rataya a jikin kejin, ya zauna a gefe yana duba wanda ya buɗe baki da yawa. Akwai wani kasko da yake cikawa da ruwa a bayan katanga domin kurciyoyin da ba na kowa ba. Hannuwansa duk tabo ne, na ƙaya da na farce, amma in ya ɗauki ɗan tsako sai ka ga ɗan tsakon ya lumshe ido. A shekarun da ya yi, ba a taɓa cewa ga tsuntsun da ya mutu a hannunsa ba. Da wannan aka san shi daga Al-Awali har Ƙuba, inda masu kiwo ke aiko masa da mota in tsuntsunsu ya karye.

Ni kuwa da faɗa muka fara sanin juna. Satina na farko na yi wa direban gona wankin babban bargo a kan ya fesa mini ƙura. Baba Abakar ya bari sai da na gama, ya miƙo mini dabino uku, ya ce, "Ci. Baki ba ya aiki biyu a lokaci ɗaya." Tun daga ranar ya laƙaba mini suna Mai Karatu, domin ya lura kowace gardama da "na karanta" nake buɗe ta. Sau biyu bakina ya kai ni gaban mai gona, wanda shi ne kafilina, mai tsaya mini a ƙasar, iƙamata, wato takardar izinin zamana, tana hannunsa. A na biyun ya ɗaga mini yatsa ya ce in aka yi na uku sai filin jirgi. Ina da uwa da ƙanne a Tasawa da suke duban hannuna. Baba Abakar ya san da haka.

A cikin talotalon akwai wani ƙaton namiji, baƙi mai sheƙi, wanda mai gona ya fi so. Duk Juma'a yakan kawo jikokinsa su tsaya suna yi masa fito, shi kuma ya buɗe wutsiya yana jan fukafukai a ƙasa. Wata bakwai da suka wuce, da rana tsaka, aka bar ƙofar keji a buɗe, tsuntsun ya hau tarin ganye ya tsallake katanga, ya faɗa wata tsohuwar gona da ba a nomawa, duk ciyawa da 'ya'yan dabino. Ni da Baba Abakar muka zagaya nemansa.

Kafin mu fita na ɗauko safar hannuna ta fata, mai kauri, wadda nake sawa in zan taɓa ƙayar dabino. Ya dube ni ya ce, "Mai Karatu, bishiya za ka hau?"

Na ce, "Baba, na karanta. A ƙasar da ake farautar talotalo a daji, duk maharbansu safar hannu suke sawa. Idonsa ya fi na mutum, yana hango hasken hannu da motsinsa tun daga nesa."

Ya yi dariya har sai da ya dafa katanga. "Hannun wa? Su fararen hannuwa gare su, dole su rufe. Kai ai Allah Ya riga Ya sa maka safa tun a ciki. Ɗaga hannunka a inuwar nan mu gani in ni ma zan hango shi."

Na ce, "To ƙafarsa fa? Ga ƙaya a bayanta kamar ƙusa."

Ya ce, "Za ta yage ka, ka warke. Su daga nesa suke kashewa, sai su sa abin da suka ga dama. Kai rai za ka riƙe. Cire, ɗana. Kuma ba farauta muka fito ba, ɓatacce za mu mayar gida. Kada ka bi shi da gudu."

A nan ne na faɗa masa maganar da har in mutu ba zan daina jin kunyarta ba. Na ce, "Baba, duniya ta wuce zamanin kwari da baka. Ba komai ne aka sani a Abashe ba."

Ya gyara hularsa, ya ce shi zai bi ta gefen tsohuwar rijiya da hatsi a tafinsa yana kira, ni in tsaya bakin wani giɓin katanga kada tsuntsun ya fita titi.

Ban tsaya ba. Na hango shi a gindin wata bishiya yana haki, na ce ga ranar da zan nuna karatu ya fi tsufa. Na bi shi. Ya yi gudu, na yi gudu, a cikin zafin da ko kare ba ya fita. Da na rutsa shi a kwana na faɗa masa, na rungume shi ta ƙirji da hannu biyu, na matse. Yana dukana da fiffike, ina ƙara matsewa. Ta cikin fatar nan ban ji komai ba, ban ji bugun zuciyarsa ba, ban ji ƙirjinsa na neman wurin ɗagawa ba. Da ya yi laƙwas na ɗauka ya sallama ne. Har kira na ƙwala, "Baba, na kama shi!"

Ya iso, ya durƙusa, ya zura yatsunsa ƙarƙashin gashin ƙirjin. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, a hankali, "Tsuntsu da ƙirjinsa yake numfashi. Ka rufe masa." Ko wuƙa ba mu samu sa masa ba. Ya tafi a mushe, ba a ci ba, ba a kalla ba.

Ya ce in cire safar in sa a aljihu. Ya ɗauki tsuntsun da kansa, muka shiga gona a haka, shi a gaba. Mai gona yana tsaye gindin rumfa, an riga an kira shi. Ya dubi abin da ke hannun Baba Abakar ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Baba Abakar ya ce, "Ni ke kula da su. A wuyana yake."

Mai gona dattijo ne mai kirki a yawancin ranaku, amma ranar nan ransa ya ɓaci. A gaban ma'aikata duka ya ce, "Ya Abakar, ka tsufa. Hannunka ya daina sanin abin da yake riƙe da shi." Ya ce daga yau a ba wani tsuntsayen, shi ya koma bakin ƙofa yana buɗe wa motoci.

Ina tsaye a wurin. Ni da ba a gama yi mini tambaya nake ba da amsa, ni da na yi wa direba ɗiban albarka a kan ƙura, ranar nan bakina ya mutu.

Da yamma na same shi a kan kujerar roba a bakin ƙofa. Da faɗa na je, domin ban san wata hanyar zuwa wurin mutum ba. Na ce, "Wa ya roƙe ka? Me ya sa za ka yi ƙarya saboda ni?"

Ya ce, "Ban yi ƙarya ba. Na ga safar a hannunka, na san halinka, na kuma juya maka baya. To a wuyan wa yake? Zauna. Ni da mutumin nan tare muka tsufa, iyakarta ya sa ni a ƙofa. Kai jirgi zai sa ka. Uwarka me za ta ci, karatu?"

Na ce zan je in faɗa. Ya ce, "In ka je ban yafe ba." Ita ce kaɗai magana mai zafi da na taɓa ji a bakinsa.

Wata bakwai ya yi a ƙofar nan. Masu kiwon Ƙuba suka daina aiko mota. Usmanu, wani Bahaushen Sudan da muke aiki tare, mutum mai barkwanci wanda bai san komai ba, yakan wuce ya kira shi baffa da Larabci, ya ce, "Ammu Abakar, a yi hankali da ƙofar, kada a shaƙe ta!" Sai Baba ya yi dariya ya ce, "Wuce, ɗan banza, kafin in shaƙe ka." Ni kuwa sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Daga kujerarsa ana hango kejin. Sau da yawa nakan gan shi ya juya yana kallo in sabon mai kula ya makara da ruwa, amma bai taɓa tashi ya shiga aikin da aka raba shi da shi ba. Sai dai ya kira ni ya ce, "Mai Karatu, je ka karanta wa mutumin can cewa rana ta yi."

Ranar uku ga rasuwa, a zaman makoki a ƙofar gidan Baba da ke unguwar Harra ta Gabas, na ji wani baƙo yana ce wa na kusa da shi, "Allah Ya jiƙansa, ƙwararre ne, sai dai a ƙarshe hannu ya bar shi." Sai na ga cewa abin da ya hana ni faɗa domin ya tsare ni, yanzu shi ne zai bi sunansa. Yana da rai ya zaɓi ya ɗauka. Yanzu ba ya nan, 'ya'yansa ne za su gada.

Mai gona ya zo gaisuwa bayan la'asar. Da ya tashi tafiya na bi shi har gindin mota, na faɗa masa komai, tun daga safar har zuwa kujerar roba. Ya sunkuyar da kai, hannunsa a kan murfin mota. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya ce, "Tsuntsu ba komai ba ne. Ka sa na wulaƙanta mutumin da ya riƙe mini gona tun 'ya'yana suna rarrafe, sannan ka kawo mini gaskiya bayan ya shiga Baƙi'a. Wa zan je in roƙa?" Ya rufe motar, ya koma cikin rumfar makoki, ya tsaya a gaban mutane ya ce shi ya zalunci Abakar, hannun Abakar bai taɓa kashe masa tsuntsu ba. Da ya fito ya ce mini iƙamata in ta ƙare a Rajab ba zai sabunta ba. Ban yi gardama ba. Hukuncin da ya kamace ni ne tun wata bakwai, wani ya tsaya a gabansa.

Saboda haka duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, a Al-Awali ko Ƙuba ko Abashe, ya sani: ni Laminu na kashe tsuntsun nan. Baba Abakar ya koma ga Ubangijinsa da hannunsa yadda aka san shi.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Abakar, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa maƙwabtakar da ya samu a Baƙi'a ta kai shi ga ceton Manzonka. Yadda ya suturta ni a duniya, Ka suturta shi ranar da babu mai tsayawa a gaban wani. Ka ba matarsa Inna Halime haƙurin rashinsa, Ka zama gatan Zahra'u da 'yan'uwanta, Ka buɗa musu ta inda ba su zata ba. Ka sanyaya zuciyar mai gona. Ni kuma da na saɓa wa maganarsa ta ƙarshe a kaina, Ka sa ya yafe mini in mun haɗu. Amin.