Azarar Ɗakin Kakana

Shekaranjiya a tasha wata yarinya ta gitta ni da faranti cike da goriba, ƙanshin ya biyo ni har cikin mota. Haƙorana sun daina gwaguyarta, amma hancina bai manta ba. Ina zaune a takure tsakanin buhun albasa da wata mai goyo, sai ga ni a ƙauyenmu na ƙasar Agye, ina 'yar lakol, wato makarantar boko, mai gudun kitso.

A gefen gonarmu akwai goriba biyu dogaye. Gona tamu ce, amma a al'adar garinmu 'ya'yan goriba ba su da mai su, abin da ya faɗo na wanda ya tsinta ne. Wadda ta fi kowa tsinta wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu, ba miji, ba ɗa, ba gona. Takan tara a kwando, ranar kasuwar Gazawa a kai mata, a dawo mata da ɗan gero. Kada ka zaci mai daɗin zama ce. Bakinta ya fi barkono zafi, in ta tarar da mu muna jifan goribar sai ta zage mu har da iyayenmu. Ni dai ba na ƙaunarta ko kaɗan a lokacin.

Zamanin soja ba mai taɓa itace. Akwai ma'aikacin gandun daji da ke zagayowa kan babur, da an ji ƙararsa daga nesa sai ka ga manyan magidanta suna tura gatari ƙarƙashin rumbu. Wanda aka kama da ɗanyen itace ya sha tara, in ya yi gardama a miƙa shi ga jandarma. Mutanen garinmu kuwa suna ta yabon kansu, wai su masu kiyaye itatuwa ne tun kaka da kakanni.

Sai aka shiga shekarun da rediyo ba ta da magana sai ta dimokuraɗiyya da jam'iyyu. Ma'aikata suka yi ta yajin aiki, mu ma lakol yau a buɗe gobe a rufe. Babur ɗin nan ya daina zuwa. Da rani ya yi, gatura suka fito daga ƙarƙashin rumbuna, har da na masu yabon kai. Tun da hantsi kake jin sara daga fadama, amalanke na fita da itace sai ka ce ana kwasar ganima.

A wannan ranin ne baffana, autan kakana, yake gina ɗakin da zai sa amaryarsa. Bango ya tashi, saura rufi, ga bazara ta matso, ga azara ta yi tsada. In ruwa ya sauka kan bangon ƙasa ba rufi, aikin rani ya narke ke nan, auren kuma sai wata shekara. Ba wai mugun mutum ba ne, mai barkwanci ne, shi ke goya ni zuwa kasuwa. Ya dai dubi goribar nan biyu ya ga rufin ɗakinsa a tsaye.

Ya sami kakana a ƙofar gida yana tufka igiya, ya durƙusa ya faɗi buƙatarsa. Ya ce gona tamu ce, kowa na sara, gara mu sare kafin wani ya riga mu. Kakana ya tambaye shi don me bai nema ba bara. Baffa ya yi dariya ya ce ai bara akwai mai babur.

Kakana bai ɗaga kai daga igiyar ba. "Ashe shi kake jin tsoro duk shekarun ga? Ni na aza tsohuwar can kake dubawa. In ka sare, mi za ta ci?"

"To Baba, ina zan sa ɗiyar mutane?"

Kakana ya ce a bar shi ya yi tunani. Kwana kaɗan bayan haka na dawo daga rijiya na tarar da ƙura ta turnuƙe tsakar gida. Kakana ne ya sa an hau ɗakinsa, soron da ya gina tun yana da ƙarfi, ana farfasa rufin ana zare azara ɗaya bayan ɗaya. Kakata tana tsaye da buta a hannu tana faɗa, wai tsufa ya taɓa masa kai. Baffa ya rantse ba zai karɓa ba. Kakana ya ce ai an riga an cire, ko ya karɓa ko gara ta ci.

Damina ta same shi a bukkar kara kusa da turken awaki. Ina tuna shi da safe yana shanya bargonsa a kan danga, yana tari, yana tsokanar kakata wai bai taɓa shan iska mai daɗi irin ta bana ba. Tausayinsa ya hana ni sakat, haushin tsohuwar nan kuma ya ƙaru, don ba ta taɓa sanin abin da aka yi dominta ba. Ta ci gaba da tsintar goribarta tana zaginmu. Kakana bai sake gina soro ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ba zan ce maka doka ba ta da amfani ba. Na ga yadda fadamarmu ta koma fili cikin rani guda, kuma irin kakana ba su cika gari ba. Yau doka ta dawo, da kwamiti da tara, itatuwa sun fara komowa, kowa ya sake zama mutumin kirki. Ni dai in na ji ana yabon wani, sai in ce a raina a bari sai ranar da mai tsaro ya yi tafiya.

Baffa ya tsufa yanzu. Duk ɗakunan gidan an rufa musu kwano sai nasa. 'Ya'yansa sun yi magiya har sun gaji, ya ce ba mai taɓa masa rufi. Da na je gaishe shi bara na tambaye shi dalili, ya ɗaga kai ya dubi azarar da hayaƙi ya baƙanta.

"Ɗiyata, duk lokacin da na kwanta ita nika gani," ya ce. "Tun da na shiga ɗakin ga ban ƙara iya cin haƙƙin kowa ba."