Tauraro Biyar a Gidana

Shekara da shekaru, duk kakar albasa, wani alhaji mai saro kaya gidana yaka sauka nan Wurno. Bara sai ga shi ya dawo Umra da sabon labari: wai otal-otal na duniya da taurari aka auna su, kamar hafsoshin soja, kuma shi mai biyar anka sauke shi. Ni da aji huɗu na firamare anka mai da ni fadama, sai na hau lissafi. Wanda ya kwana cikin taurari, mi zai yi da tabarmata? Ga taubashina na Achida ya daɗe shina zawarcin baƙon nan nawa.

Sai na bi ta bayan gida na tambayi alhajin sirrin abin. Ya ce can ɗakinka kai kaɗai, abinci har bakin ƙofa, ba mai leƙo ka, ba mai ce maka kanzil.

Ashe abin arha gare shi! Ni da nike zaton sai na haƙa tafkin wanka bisa soro.

Da ya sake zuwa, na sa anka share mashi ɗakin ƙurya, na kafa ma unguwa doka: kowa ya gaishe shi, ni da shi. Na tsaya ƙofar gida da sandata. Liman da kansa ya zo barka da zuwa, na juya shi da ladabi. Tuwo kuwa sai in aje bakin ƙofa, in yi gyaran murya, in gudu da sanɗa ina danne dariya. Kafin la'asar na ba kaina tauraro shida.

Rana ta uku da hantsi, sai ga alhaji da jaka, ido ja wur, ya tsai da ɗan kabu-kabu mai mashin, wai Achida za shi.

"Malam, in laifi na yi maka, faɗa mani. Kwana biyu ni kaɗai nika cin tuwo, kamar mai ƙyanda."

"Alhaji, ai tauraro biyar ɗin ke nan."

Ya dube ni, ya dubi sandata, ya yi dariya har ya zauna bisa jaka. Ya ce can ma kaɗaici ya kusa kashe shi, kunyar faɗi ya ji.

Munka sallami mai mashin. Na janye doka, unguwa ta taho ɗungum, hannu goma sha ɗaya cikin akushi guda. Loma uku kacal alhaji ya samu, shina ta hamdala.