Alkakin da Hannuna Ya Manta

Wata 'yar ƙara ce ta fara komai, ƙarar alkaki idan an karya shi da yatsu, ƙwas, kamar an taka busasshen kara. A lokacin ina matar aure a Ikara, ban daɗe da gama sakandare ba, ba ni da sana'a sai girki da shara da jiran dawowar maigida. Maƙwabciyata ce ta shigo gaisuwa da hantsi, na ajiye mata alkakin da na yi irin wanda kakata ta koya mini a ƙauyenmu Furana. Da ta karya ta tauna, sai ta tambaye ni ko zan iya yi mata na garar 'yarta. Ina rubuto muku wannan ne, jama'ar wannan mujalla, don har yau idan na tuna abin da ya biyo baya sai zuciyata ta yi nauyi.

Shekarun farko kamar a mafarki nake tuna su. Bayan sallar asuba nakan buɗe ƙwaryar kwaɓin alkama da ya kwana, in shaƙi ɗan tsaminsa, in san ko ya tashi tun ban taɓa ba. Ina murzawa ina naɗewa ina salati, hasken safiya yana saukowa ta kan katanga har ya iso bakin murhu. Ruwan sukari kuwa ba na duba agogo, ɗigo ɗaya nake sawa tsakanin yatsu biyu, danƙonsa ya gaya mini ya isa. Hannuna ya san abubuwan da bakina ba zai iya bayyanawa ba.

Allah Ya sa albarka, aiki ya fi ƙarfina. Na ɗauki mata uku, babbarsu wata dattijuwa ce 'yar Gubuchi da nake kira Inna. Maigida ya sayo mini babbar waya, daga nan zamana ya koma kan tabarma a inuwar darbejiya, ina ɗaukar hoto, ina amsa masu biki daga Makarfi da Kudan har Zariya. Idan na lumshe ido shago nake gani mai gilashi, da sunana a sama, da 'yan mata masu kaya iri ɗaya. Ban san ranar da na daina zuwa bakin murhu ba. A hankali abin ya janye, kamar yadda inuwa take barin tsakar gida.

Inna kuwa ba ta tsaya ba. Ita ta fara gwada tsoma alkaki a ruwan mazarƙwailar Makarfi maimakon sukari, ya fito jawur yana ƙamshin rake. Sau da yawa takan kira ni, ta ce uwar ɗakina zo ki ga yadda ake kama wannan ruwan, halinsa daban ne. Ni kuma in ce ina zuwa, waya tana kunnena. Mata suna yabon sabon alkakina, ina amsawa da murmushi, ban taɓa cewa ba hannuna ba ne. Shekara huɗu aka yi a haka.

Wata damina bayan Babbar Sallah, wata baiwar Allah daga Kudan ta zo. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tilo za ta aurar, kuma dangin angon manoman rake ne a Makarfi. Ta ce na mazarƙwaila take so, don kada a ce marainiya ce aka kawo mata gara ta jeka-na-yi-ka. A satin ne 'yar Inna ta haihu, Inna ta tafi Gubuchi zaman jego. Sauran ma'aikatan biyu naɗi da suya kawai suka iya. Na ce a raina ai sana'ata ce, ni na koya wa kowa.

Na tsaya gaban tukunya kamar baƙuwa. Ruwan ya yi duhu da wuri, na ji tsoron ƙonewa, na sauke. Na sa ɗigo a yatsuna, yatsun ba su ce mini komai ba. Maimakon in kira Inna, kunya ta hana ni. Na tsoma alkakin, kuma saboda mota tana jira na sa aka rufe robobin da sauran ɗuminsa, ga iskar damina.

Kwana biyar bayan nan uwar amaryar ta yi sallama a gidana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce an buɗe robobin a tsakar gidan surukai gaban mata, aka tarar alkakin ya yi laushi ya manne ya zama curi guda, gefensa har ya fara fumfuna. Wata gwaggon ango ta ce a miƙo mata muciya, tunda tuwo aka kawo musu, aka kwashe da dariya, amarya tana ɗaki tana ji. Ta ce ba rigima ta kawo ta ba, ta san aikina, so take kawai in ja wa yaran aikina kunne, don ta tabbata da ni na sa hannu da haka ba ta faru ba. Wallahi kunya ta sa na bar ta ta miƙe. Sai da ta kai zaure na bi ta na faɗa mata ni ce na yi da hannuna. Ta kalle ni, ta ce Allah Ya kyauta, ta tafi.

Da izinin maigida na je Gubuchi, na durƙusa gaban Inna na ce ta koya mini. Ta yi dariya ta ce yau uwar ɗaki ta zama 'yar makaranta, sai ta zo da allo. Kwana uku ina tace mazarƙwaila, ina rage wuta, ina ɓatawa tana sa ni sakewa. Na yi sabon alkaki na kai gidan amaryar da kaina, suka karɓa da mutunci. Amma dariyar da aka yi wa yarinyar nan a makonta na farko, ba ni da abin da zan goge ta da shi. Ina yi mata addu'a a kowace sallah.

'Yan uwana mata masu sana'a, ɗaukar ma'aikata ba laifi ba ne, waya ma alheri ce. Amma abin da aka san ki da shi, kada ki bari ya koma hannun wasu ke kina riƙe da suna kawai. Idan ta ƙasa da ke ta gano sabon abu, matsa kusa ki koya. Yanzu duk ranar Talata ni ce a bakin murhu, wayar tana ɗaki.

Talatar farko, autata mai shekara biyar ta dawo daga Islamiyya ta same ni ina naɗe alkaki, gari har gwiwar hannu. Ta tsaya da jakarta a kafaɗa tana kallon yatsuna, sannan ta ce, "Umma, ashe ke ma kin iya? Na zaci Inna ce kawai."