Gidan Benen da Na Gina wa Yayana

Baba malamin allo ne, kuma a gabansa na koyi zayyana. In layi ya karkace ko da ƙanƙani ne, sai ya sa a wanke allon a sake. Da wannan tsantsenin na buɗe shagon haɗa hotuna a Gummi, da tsohuwar kwamfuta da injin bugawa. Ba zan ɓoye ba, ina da girman kai a kan aikina. Na raina masu ɗora mutum a gaban mota ka gan shi yana lilo a iska, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Ni sai na ba mutum inuwa, na daidaita hasken fuskarsa da na bango, har gefen hula nake bi a hankali.

Da Sallah ta gabato kowa yana son hoton da zai sa a waya. Ba mai son a ga katangar gidansu. Sai in goge bayan, in sa gidan bene da farar mota, in rubuta barka da Sallah da ruwan zinare. Yayana manomi ne, albasa da gero, abin hawansa tsohon babur. Shi bai ma nema ba. Ni na tsayar da shi a jikin katangar lakarmu da shaddarsa guda ɗaya, na ɗauke shi, na yi masa aikin da ban taɓa yi wa kowa ba. Da ya gani ya yi ta dariya, ya ce ashe shi Alhaji ne ba a faɗa masa ba. Ya sa hoton a fuskar wayarsa.

Bayan Sallah da 'yan makonni mutanen daji suka tare hanya wajen Zugu, suka tafi da yayana da wasu matafiya. Kwana uku ba labari. Inna ta daina cin abinci, Baba ya sallami ɗalibai ya zauna a zaure da tasbaha. Ran na huɗu da hantsi wayata ta yi ƙara, lambar yayana ce, amma muryar ta wani ce.

"Kai ne ƙanen mai gidan bene?"

Na ce ba mu da gidan bene. Ya yi 'yar dariya, ba ta fushi ba, kuma ita ta fi ba ni tsoro.

"Ga shi muna kallo. Ga gidanai, ga motatai. Ku shirya abin da ad daidai da shi."

Kuɗin fansar da ya ambata bayan nan, ko unguwarmu duka aka sayar ba zai kai ba. Na san kowace taga ta gidan nan, ni na zaɓo shi daga intanet, ban ma san a wace ƙasa yake ba. Ban iya gaya wa Inna ba sai da la'asar. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce tunda hannuna ya gina, hannuna ya rushe.

Na koma shago na zauna ina neman kuskure a cikin aikina. Inuwar da ta faɗi ba daidai ba, ko gefen riga da ya nuna an yanko, wani abu dai da zan zagaye da jan layi in ce ku duba nan. Na ƙara girman hoton har ya farfashe. Babu. Ban taɓa jin haushin iyawata ba sai ranar.

Sai na haɗa wani sabo, hoto uku a jere. Na farko yayana a jikin katangar laka, har da akuyar Inna a gefe. Na biyu shi kaɗai an yanke shi, bayansa fari fat. Na uku gidan benen. Na ja kibiya daga wannan zuwa wancan, na yi rubutu kaɗan da manyan baƙaƙe, na boko da na ajami, don ban san wanne suke karantawa ba: wannan ne gaskiya, wannan waya ce ta yi. Na tura ta lambar yayana.

Washegari da azahar, ina gida, mutumin ya kira. Inna tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ta riƙe labule.

"Mun gane shi," in ji shi. "Ashe kai ka iya haɗa hoto."

Na ce eh, sana'ata ce, shi ya sa nake rantsuwa gidan nan babu shi.

"To ai shi ke nan. Wanda ya iya sa gida ya iya cire gida. Wanga na katanga da akuya, jiya kah haɗa shi. Na harko, mai gidan bene, shi ag gaskiya."

Na fara rantsuwa da Alƙur'ani. A bayansa na jiyo muryar yayana, ta dishe, yana kiran sunana sau biyu. Sai layin ya yanke. Na sake kira, wayar a kashe.

Inna ta saki labulen ta matso.

"Sun ga katangar?"

"Sun gani, Inna."

"Alhamdu lillahi," ta ce, ta juya ta nufi madafa don ta ɗora wa yayana ruwan wanka.