Ranar da Mai Shagon Bindiga Ya Tambayi Anti Sunana

Shekarun baya, ina ɗan shekara goma sha huɗu, na ƙaddamar da yaƙi a kan wani kurege a Landover.

Lokacin ban daɗe da zuwa Amurka ba. Ni ɗan fari ne, kuma kamar yadda ake yi a danginmu, ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, na tashi a hannunta a Zariya. Iyayena sun taho nan tun ina ɗan ƙarami. Saboda haka matar da ta tarbe ni a filin jirgi mahaifiyata ce, amma kusan baƙuwa ce a wurina. Anti nake kiran ta, yadda na ji yaran gidanmu na faɗa.

Ita kuma ba ta kiran sunana. Duk wanda ya tashi cikin Hausawa ya san kunyar ɗan fari. "Kai" ne sunana a bakinta, in ta yi fushi kuma na zama "wannan yaron". A Zariya abin bai taɓa damuna ba, domin babu sunan da ya kai nawa tashe a unguwa. Kakata na ƙwala shi daga tsakar gida, maƙwabta na kawo ƙara da shi, mai bishiyar gwaibar layinmu kuwa har cikin barci yake ambatonsa. A Landover sunan ya mutu murus. Malaman makaranta in sun iso kansa sai su tsaya, su ja numfashi kamar za su ɗaga firij, su fito da wani abu mai kama da sunan maganin tari.

Mahaifina direban babbar mota ne, sai dai mu gaisa a waya. Mahaifiyata tana aikin kula da tsofaffi, ta fita da duhu ta dawo a gajiye. Ƙanwata a nan aka haife ta, in ka yi mata Hausa ta mayar maka da Turanci, kuma a gidan maƙwabta take yini. Ina dawowa daga makaranta in tarar da gida tsit. Har sallama nake yi wa firij, ko zai amsa.

A ɗan filin bayan gida mahaifiyata ta shuka yakuwa da tattasai da tumatir a cikin bokitai. Nan kuregen yake cin kasuwarsa. Wallahi ya kusa girman ɗan akuya. Zai tsinke tumatir, ya zauna a kan katanga, ya gatsa sau ɗaya, ya yar, yana kallona ido cikin ido. A gaskiya shi kaɗai ne a unguwar yake kallona haka, amma ban ɗauke shi aboki ba. Ni da nake sauko da kurciya da danƙo a Zariya?

Sai na gano akwai bindigar iska, wadda ba ta amfani da albarushi, matsin iska ne ke tura ɗan ƙaramin harsashi. Na addabi mahaifina a waya har ya gaji, ya ce ita ce goron sallata, in ce wa Antina ta kai ni. Ita kuwa ta dube ni sama da ƙasa.

"Yaro baƙar fata da abu mai kama da bindiga a ƙasar nan? Kai, fita daga idona."

Na yi shara, na yi wanke-wanke, na goge motarta har ina ganin haƙorana a jiki. Daga ƙarshe ta yarda, bisa sharaɗin a ɗakinta za a riƙa kulle ta.

Ranar hutunta muka tafi wani shagon kayan kamun kifi da farauta a wajen Springfield. Mai shagon wani dattijon Bature ne, ƙato, gemunsa ya isa a share masallaci da shi. Ya sauko da bindigar ya ajiye a kan kanta, ni kuma ina ta zuba: "Anti, dubi wannan. Anti, taɓa ki ji." Sannan ya jawo wani babban littafin rajista, ya yi mana bayanin ƙa'idar shagonsa. Ba ya sayar wa yaro. Babba ne zai nuna katin shaida, shi kuma ya rubuta sunansa da adireshinsa da lambar da ke jikin bindigar. In yaro ne zai yi amfani da ita, sai an sa sunan yaron da dangantakarsa da mai saye.

Mahaifiyata ta miƙa lasin tuƙi. Ni na miƙa katin makaranta ina ƙoƙarin yin fuskar manya. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ita sunan mahaifinta take amfani da shi, ni na nawa, babu inda suka haɗu. Ga shi kuma tun shigowarmu yana jin ina ce mata Anti.

"Uwargida, wannan ɗanki ne?"

Ta mayar da ido kan ƙugiyoyin kamun kifi kamar su ta zo saye. "Yaron gidanmu ne," ta ce.

"Mene ne sunansa?"

Na yi caraf na faɗa. Ya ɗaga mini hannu. "Saurayi, ita na tambaya."

Ta gyara mayafinta. "Ai yana jikin katin."

Dattijon ya jira. Ni ma na jira. Ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, ina kallon bakinta. Matar nan tana magana da likitoci da Turanci ba gargada, amma ta tsaya kamar an ɗinke mata leɓe. Ya rufe littafin a hankali.

"Wani lokaci yara kan tsaya a waje su roƙi wani babba ya shigo ya saya musu," ya ce. "Ban ce haka kuka yi ba. Amma ba na rubuta abin da ban tabbatar ba."

Ya mayar da bindigar inda ya ɗauko ta.

A mota ta tayar da inji. Ni da bakina ba ya rufuwa ko a barci, na rasa abin dariyar da zan faɗa. Bindigar ma ta fita daga raina.

"Anti," na ce, "ko karen maƙwabtanmu ana kiran sa da sunansa."

"Kai, ka iya bakinka."

"A makaranta ba su iya ba. Ke kin iya, kin ƙi."

Ta riƙe sitiyari da hannu biyu. "Innata ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba, ga shi yau har da jikoki. Kana nufin ba ta son sa?"

"Shi yana da gari guda masu kiran sa. Ni wa nake da shi a nan? Kurege?"

Na zaci mari zai biyo baya, har na matsa jikin ƙofa. Sai ta kashe motar. Ta ɗauki jakarta.

"Zauna nan."

Ta gilashin shagon nake hango su. Ta ba ni baya. Na ga ta ciro katin inshorar lafiyarmu, wanda ke da sunayenmu duka, ta ajiye a kan kanta. Na ga dattijon ya sunkuyo, ya sa hannu a bayan kunne. Ya motsa baki, ta girgiza kai. Ya sake, ta ɗaga yatsa kamar malamar Islamiyya. Ya sake gwadawa yana dariya. Can ta juyo ta yafito ni.

Ina shiga, dattijon ya miƙo mini hannu, ya kira sunana. Ba sunan maganin tari ba. Nawa, cif, har da ɗan jan da kakata ke yi a ƙarshensa. Rabon da in ji shi haka a fili, ba ta waya ba, tun a Zariya. Na tsaya sororo, sai da ya maimaita kafin na amsa.

Ya rubuta komai a littafinsa, mahaifiyata ta sa hannu tana kallon gefe. Sannan ya yi mini huɗuba: bindigar ba ta fita sai a cikin jakarta, ba a harbi a bayan gida, ba a riƙe ta a titi ko da wasa. In ina so in harba, akwai filin da aka keɓe don haka, kuma da babba zan je. Wato tun kafin a fara yaƙin, kurege ya ci nasara.

Da muka koma mota na ce, "Anti, me kika ce masa?"

"Kai, ɗaura bel."

Kuregen ya ci gaba da mulkinsa, ina jin ƙiba ce ta kashe shi daga baya. Ni kuwa takarda na riƙa hudawa a filin harbi, ita tana zaune a benci a bayana tana gyangyaɗi, ranar hutun da ya kamata ta yi a gado.

Har yau ban taɓa jin sunana daga bakinta ba, kuma na daina nema. Yanzu na san nauyin abin da ta ɗauka ta shiga shagon nan da shi, kuma na san dalilin da ya sa ta ce in zauna a mota. Gidan yana nan da shirunsa in na dawo da yamma, har yanzu wani lokaci ina yi wa firij sallama. Sai dai in shirun ya yi yawa nakan tuna cewa akwai wani tsohon Bature a can Springfield da ya iya kiran sunana da harshen Zazzagawa, kuma na san a bakin wa ya koya.