Furannin da Aka Miƙa wa Hasebe

Duk wanda ya koyi tuƙi a garin Mito kwanan nan ya san Hasebe Norimichi, malamin nan mai ɗan ɗingishi da ke zama gefen ɗaliba yana cewa, "Birki, 'yar nan, birki!" Kaɗan ne suka san shekara goma sha bakwai ya yi yana tseren mota, kuma ba shi ya ce ya gaji ba.

Ubansa mai gyaran taraktocin manoman shinkafa ne, don haka da baƙin mai a farce ya tashi. Yana da shekara ashirin da shida wani mai motocin dakon kaya, Ogaki, ya ɗauke shi direban ƙungiyarsa ta tseren mota. Lokacin ƙungiyar ba ta da komai sai mota ɗaya, da bakanike ɗaya mai suna Tsuji, da dunƙulen shinkafa mai sanyi da su ukun ke rabawa a tsaye.

A irin tserensu direba biyu ke karɓa-karɓa a mota guda. Hasebe ba shi ya fi kowa gudu ba, gaskiya ɗaya ce. Amma ba ya cinye taya, kuma sau ɗaya tak ya kai mota bango, ranar da ƙafarsa ta karye. Samari nawa suka koyi shan kwana a hannunsa suka yi gaba, shi yana nan daram.

A watan Agusta na shekarar da ya cika arba'in da uku, wata ƙungiya daga Okayama ta yi masa tayin shekara biyu. A waɗannan shekarun, wa ke samun haka? Amma bai amsa ba. Ya sa kwat, ya sayi kwalin kayan zaƙi, ya tafi ofishin Ogaki.

"Maigida, an yi mini tayi. Abin da ka ce shi zan yi."

Ogaki ya tuntsire da dariya. "Haba Nori! Ni da kai? Ina za ka da wannan furfurar? Baɗi ma kai ne a motar nan, ni na faɗa maka."

Bai nemi a rubuta ba, don neman takarda wurin maigida rashin kunya ne. Da hannunsa ya rubuta wa mutanen Okayama wasiƙar ban haƙuri. Kafin sati ya zagayo sun ɗauki wani.

Tseren ƙarshe na shekarar a watan Nuwamba aka yi, suka zo na huɗu. Ya fito daga mota jiƙe da gumi, yana cire hular kwano, yana neman Tsuji ya gaya masa birkin gaba na buƙatar gyara kafin baɗi. Sai lasifika ta ɗauka: jama'a su tsaya, za a yi bikin ban kwana da direba Hasebe, wanda ya ajiye sitiyari yau.

Ya waiwaya, ya ɗauka akwai wani Hasebe. Ina! Ga makanikai sun jeru cikin sababbin riguna masu ɗauke da sunansa da kalmar godiya. Ga matarsa Fumie tana tahowa rungume da furanni, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baban yara, sannu da aiki," ta ce. "Maigida ya ce kai ka yanke shawara, kana so ka ba ni mamaki. Yau dai zan yi barci da ido biyu rufe."

Kai, Ogaki mugu ne! Ya san mutuminsa sarai. Ya san Hasebe ba zai ƙaryata maigida gaban dubban mutane ba, ba zai kuma kalli matar da ta shekara goma sha bakwai cikin fargaba ya ce mata ƙarya ce ba. An yi masa sakiyar da ba ruwa, aka kuma miƙa masa makirufo.

Zuciyarsa na tafasa, ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa furannin. Ya gode wa 'yan kallo. Ya gode wa makanikai. Ya gode wa maigida Ogaki, wanda ke tsaye yana share ido da hankici, sai ka rantse ɗansa ne ya mutu. Daga nan makanikan suka ɗaga shi suka cilla sama sau uku, ana tafi.

Da suka dire shi, hannun Tsuji ya riƙe gam.

"Tsuji, tun yaushe ka sani?"

Tsuji ya sunkuyar da kai. "Bari mana, Nori. Yau ranarka ce."

"Tare muka ci shinkafa mai sanyi, tsoho. Tun yaushe?"

Tsuji ya daɗe yana murza tsumman da ke hannunsa.

"Ni na auna wa direban da zai gaje ka kujerar motar," ya ce. "A watan Yuni."