Sunan Bajamushe a Ƙofar Gidanmu

Ina cikin shekarata ta bakwai a Alƙahira muka bar unguwar Darrasa. Na gama karatu, na kama aikin tafinta ga marasa lafiya masu zuwa daga gida neman magani, maiɗakina kuma ta iso daga Kano da 'yarmu ta fari. Ɗakin da nake ciki kusa da masallaci ya yi mana kaɗan. Wani abokina ya samo mana gida a Wustul Balad, wato tsakiyar birni, a hawa na huɗu na wani tsohon gini mai dogayen tagogi.

A jikin ƙofar akwai wani ɗan allon tagulla da ya yi baƙi don tsufa, an zana suna a kansa da boko da Larabci. Ba zan rubuta sunan ba, tunda na mutane ne. Harafi biyar ne, kuma sautin farkonsa babu shi a Hausa, babu shi a Larabci, don haka 'yan unguwa suke furta shi da "f". Bawwab ɗin ginin, wato mai gadi, wani dattijo ne mutumin Aswan. Shi ya gaya min sunan wani Bajamushe ne da ya rasu tun kafin shi ya kama aiki a wurin.

Ba a jima ba sunan ya bi mu. Mai kawo tukunyar gas in ya tsaya a ƙasa, da shi yake kiranmu, ni kuma kullum ina gyara masa. Abokaina na Darrasa da suka zo ganin gida suka karanta allon, daga ranar na koma "Malam Bajamushe" a bakinsu. Abin bai yi min daɗi ba. Na ɗauko sukundireba zan cire, maiɗakina ta ce in bari sai na tambayi mai gidan.

Mai gidan tsohuwa ce 'yar Masar, malamar makaranta da ta yi ritaya, tana zaune a hawa na biyu. Na same ta da hantsi na faɗa mata buƙatata.

Ta ce, "Ma'alish, ya ibni, yi haƙuri, ɗana. Ka canza fenti, ka canza makulli, amma ka bar wannan. Zauna ka sha shayi."

Mai sunan kakanta ne na wajen uwa. Ya zo Alƙahira yana saurayi, yana gyaran agogo, ya auri 'yar gari, ya haifi 'ya ɗaya, a nan aka binne shi. Ita sunan mahaifinta take ɗauke da shi, 'ya'yanta kuma na nasu uban. Ban da allon nan, babu wurin da sunan kakan ya saura.

Ta ce tana yarinya ta ɗauka sunan manyan mutane ne, domin duk Alƙahira ba ta taɓa jin mai irinsa ba. Bayan ta ajiye aiki ta shirya ta tafi Jamus neman dangi, da hoton tsohon da sunan garinsu a bayan wata tsohuwar wasiƙa. A masauki ta nemi littafin lambobin waya, tana zaton gida biyu ko uku za ta tarar.

"Na buɗe shafi, duk sunan ne. Na juya, shi ne. Na sake juyawa, bai ƙare ba. Likita, mai gyaran famfo, mai sayar da burodi. Na rufe littafin na zauna a bakin gado."

Wata ma'aikaciya a ofishin rajistar garin ce ta yi mata bayani. Sunan yana cikin mafi yawa a ƙasar, ana kuma samunsa a maƙwabtan ƙasashe masu jin yaren. A zamanin da, mutum suna ɗaya yake da shi. Da garuruwa suka cika, masu suna iri ɗaya suka yi yawa, sai ake bambanta su da sana'a: wane maƙeri, wane mai niƙa, wane tela. Laƙabin ya zauna, 'ya'ya suka gada, har bayan an bar sana'ar. Kowane gari da masu sana'arsa, shi ya sa mutum biyu za su haɗa suna ba su haɗa jini ba.

Ta kira gidaje da dama, babu wanda ya san mai gyaran agogon da ya tafi Masar. Wani tsoho ɗaya ya ce ta zo. Suka sha kofi, ya duba hoton ya daɗe, ya ce hancin dai irin nasu ne, amma ba zai yi mata ƙarya ba.

Na ce, "To, Hajja, mece ce sana'ar?"

Ta ɗan taɓe baki. "Masaƙi. Duk wannan tafiyar, masaƙi kawai."

Na ajiye kofin shayina. Na ce mata mahaifina masaƙi ne, mahaifinsa ma haka, kuma a ƙauyenmu har yau gidan masaƙa ake ce wa gidanmu. Ban gaya mata sauran ba: da aka kai ni makarantar kwana, sunan garinmu na ba malami ya rubuta a bayan nawa, kuma shekara shida babu wanda ya san sana'ar gidanmu a ajin. A Darrasa ma ban taɓa ɗauko zancen ba.

Ta gyara zama ta ce in nuna mata yadda ake yi, don ba ta taɓa ganin ana saƙa ido da ido ba. Na zauna a bakin kujera na miƙe ƙafafu kamar yadda Baba yake yi a rumfar ƙofar gida. Na nuna mata yadda ake taka wannan ƙafa, a jefa ƙoshiya mai ɗauke da zare ta wuce, a taka ɗayar, a dawo da ita. Da ta tambayi yadda ake ɗora zaren tun farko, sai na tsaya. Na gani ana yi sau ba adadi, amma na kasa kawo shi a jere.

Baba ya riga ya rasu a lokacin. Ranar Juma'a na kira baffana, ƙanensa, wanda shi kaɗai ya saura yana taɓa saƙa. Ya yi mamakin tambayar, amma ya bi min ita daki-daki. Na ba shi labarin sunan, na ce akwai Turawa masu ɗimbin yawa da ake kira masaƙa.

Ya ce, "Duk suna saƙar?"

Na ce a'a, yawancinsu ba su taɓa riƙe ƙoshiya ba.

Ya ce, "To, kamar ku ke nan." Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya wuce ya tambayi lafiyar yarinya.

Allon ya zauna a inda yake. Maiɗakina ta goge shi da lemun tsami da toka har rubutun ya fito sosai. Ni kuma na daina gyara wa mai gas.

Da na je gida hutu na roƙi baffa ya saƙa min gwado. Wata biyu ya ɗauka, don idonsa ya fara rauni, sai a hannun wani mai zuwa asibiti a Alƙahira ya iso. Na kai wa Hajja da sanyi ya shigo. Ta shafa shi, ta bi ɗinkin da ya haɗa ƙyallayen da yatsa, ta ce yana da kaushi. Na ce sai an wanke shi sau biyu ko uku yake laushi. Ta sa aka wanke, ta riƙa rufe gwiwoyinta da shi in tana zaune a baranda.

Shekara uku muka yi a gidan. Da ƙafafun Hajja suka gaza hawan bene, 'yarta ta ɗauke ta zuwa Iskandariyya, aka sa ginin a hannun wani ɗan'uwansu da yake son mayar da hawanmu ofis. Mu kuma an ƙara mana haihuwa, muka samu wuri mai ɗaki uku a unguwar Ard al-Liwa, kusa da wasu 'yan Zinder da maiɗakina ta saba da matansu. Mun yi waya da Hajja sau biyu bayan tashinmu. A na biyun ba ta gane muryata ba sai da 'yarta ta yi mata bayani, sannan ta tambaye ni ko yara sun fara makaranta.